Yadda Muka Sabunta Sarƙar Tayimin a Injin Golf GTI a Gombe

Motata Golf GTI ce ƙirar 2010, wadda masu harkar ke kira Golf 6, 'yar Amurka da ta shigo ta Kwatano. Giyarta ta hannu ce, guda shida. Injinta lita biyu ne mai tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska), silinda huɗu, bawul 16, irin wanda Volkswagen ya sa wa suna EA888, ƙarfinsa doki 200 a samfurin Amurka. Wanda ya saba da Golf 3 da ake haya da su tsakanin Gombe da Kumo ko Bajoga, idan ya ɗaga bonet ɗin wannan zai ga suna kawai suka haɗa. Waɗancan bel ne ke riƙe musu tayimin, kana iya zare murfin roba ka leƙa shi a bakin titi. Hatta GTI ta farko a jerin Golf 5 bel gare ta. Wannan kuwa sarƙa ce, tana can cikin injin tana wanka da baƙin mai, ba ka ganinta sai ka kwance rabin gefen motar.

Mutane da yawa suna ɗauka sarƙa ba ta mutuwa, tunda ƙarfe ce. Tana mutuwa. Kamar sarƙar babur take, kowace gaɓa tana cinyewa kaɗan kaɗan a inda fil ya ratsa ta, har jimillar ta sa sarƙar ta ƙara tsawo. Motar ta riga ta yi doguwar tafiya kafin ta zo hannuna, ban kuma san irin man da masu ita na baya suka sha zuba mata ba, ga zafin Gombe na watan Afrilu, ga ƙurar hunturu. Don haka da ta fara magana ban yi mamaki ba.

A cikin sanyin Disamba na fara jin abin. Da asuba idan na murɗa makulli, sai wani kar-kar-kar ya taso daga gefen dama na injin, wajen fambel, na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sai ya ɗauke. Da rana, in mota ta yi zafi, ko alamarsa babu. Ba ta rage gudu ba, ba ta ƙara shan mai ba, wutar cek injin ba ta kama ba. Wannan ne ma haɗarin abin, domin duk abin da direba ke kallo lafiya lau yake.

Bakaniken da nake kai wa aiki dattijo ne, a Kaduna ya koyi sana'a tun zamanin da ake haɗa Fijo 504 a can, kuma duk da shekarunsa bai tsaya a Fijo ba, ya sayi kwamfutar duba mota ya koye ta wurin ɗansa. Baba nake ce masa. Na ba shi labari, sai ya ce in bar motar ta kwana a garejin, shi zai tayar da ita da kansa da safe. Washegari ya sa kunne, ya kashe ta nan take, ya ce, "Alhaji, wannan ba ta sake hawa titi sai mun ga ajasta."

Ga dalilin tsoronsa. Kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa a ƙasa, yana zagaye biyu kafin kamshaf, mai buɗe bawul a sama, ya yi ɗaya. Sarƙar ce ke riƙe wannan lissafi. A irin wannan injin, wurin da bawul ke leƙowa idan ya buɗe, nan ne fistin ke isowa idan ya hau, lokaci ne kawai ke raba su. In sarƙa ta tsallake haƙori ɗaya, mota za ta yi ta rawa, ta ƙi tashi da wuri, kwamfuta ta nuna lambar P0016, ma'ana kiranshaf da kamshaf sun saɓa. In ta tsallake haƙora da yawa, fistin ya daki bawul ya lanƙwasa su, sai a sauke tob silinda, wani lokaci ma injin ɗin gaba ɗaya ya tafi. Abin da ke hana ta tsallakewa shi ne ajasta, wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, wanda ƙarfin baƙin mai ke turo harshensa ya danne damfa, wato doguwar robar da sarƙa ke zamewa a kanta, damfa kuma ta danne sarƙa. Idan an kashe mota ƙarfin mai ya sauka, akwai ƙananan haƙora da maƙalli da ke hana harshen komawa ciki. Ranar da maƙallin ya gaji, harshe ya koma, sarƙa ta kwana sako-sako. Ƙarar da nake ji da asuba ita ce ta sarƙa tana dukan murfi kafin mai ya iso.

Abin da ya burge ni da Baba shi ne bai tsaya ga kunnensa ba, alhali kunnen nasa ya yi daidai. Ya bar injin ya yi zafi yana silo, ya jona kwamfuta, ya shiga rukuni na 093, inda take nuna yawan gyaran da take yi wa kamshaf na shigar iska don ya yi daidai da kiranshaf. A sabuwar sarƙa lambar tana kusa da sifili. Masu aikin wannan injin suna ɗaukar cewa in ta kai digiri 4 zuwa 5 a ɓangaren ragi, sarƙa ta miƙe. Tawa ta haura 5. Daga nan ya sa yaro ya cire tayar gaba ta dama da robar da ke bayanta, ya ɓalle wani ɗan toshi a jikin murfin ƙasa, wanda aka yi shi musamman don leƙen ajasta, ya zura wayarsa da fitila ya ɗauki hoto. Tsohon samfuri ne, mai ɗan faffaɗan maɗauri a saman maƙallin. Daga baya kamfanin ya fito da sabon samfuri, mai haƙora zagaye da harshen da zoben waya da ke kama su, an kuma sabunta ƙirar sarƙar kanta. Shi ne abin da muka ƙudura za mu saka.

Neman kayan ya fi aikin cin lokaci. A cikin gari akwai mai sayar da kayan gyara da ya ce zai ba ni ajasta shi kaɗai, wani kuma ya kawo sarƙa da damfa 'yan Baljiyam da aka kwanto daga wani injin, a kan kuɗin da bai kai rabin na sabo ba. Gaskiya na so in karkata, don kuɗin sabo ba kaɗan ba ne, komai da dala ake lissafa shi. Baba ya juya sarƙar a hannunsa ya ajiye, ya ce, "Alhaji, wa ya gaya maka tafiyar da wannan ta yi kafin ta zo nan? Araha ba ta ado." Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ƙofa ko fitila ko madubi, ɗan Baljiyam ya wadatar. Amma abin da ke cinyewa da aiki, wanda kuma sai ka kwance gindin injin kafin ka kai gare shi, ba a saka masa tsoho. Muka tura lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ga wani da Baba ya amince da shi a Ƙofar Ruwa a Kano, shi kuma abin da bai samu ba ya yi odarsa daga Ladipo a Legas. Lambar shasin tana da muhimmanci, domin injin EA888 iri-iri ne, kayan wani ba sa hawa wani ko da a ido kamarsu ɗaya.

Sarƙa uku ce a gaban wannan injin, ba ɗaya ba. Ta waje tana juya famfon mai. Ta tsakiya ita ce ta tayimin, mai hawa har kamshaf biyu. Ta can ciki tana juya sanduna biyu masu kashe girgizar injin, waɗanda ke gudu ninki biyu na kiranshaf, ɗaya daga cikinsu ma shi ke juya famfon ruwa ta ɗaya ƙarshen da wani ɗan bel. Tunda ba ka isa ga ta ciki sai ka cire ta tsakiya, muka sayo duka ukun, da damfofinsu, da ajasta biyu, da sabon murfin ƙasa da sil ɗinsa, da gaskit na murfin sama, da sabuwar ƙusar fuli, wato faifan da ke bakin kiranshaf mai juya fambel, da ƙusoshin kujerar injin. Sai gam na injin, da matatar mai, da man da ya dace.

Sannan kayan aiki. Nan ne na ga bambancin bakanike da bakanike. Akwai ƙarfen riƙe fuli mai lamba T10355, da wani zobe T10368, da makullan kamshaf T40271, da soket na musamman T10352. Baba yana da wasu, sauran ya aro wurin wani abokin sana'arsa a Bauchi, aka ba direban mota ya kawo su tasha. Mun jira su. Da yawa za su ce guduma da kurfi sun isa, kuma na sha ganin ana kwance ƙusar fuli ta hanyar tokare sifana a ƙasa a buga kik. A wannan injin yin haka neman asara ne.

Saboda ƙura, Baba bai yarda a buɗe injin a fili ba. Aka tura motar cikin rumfar kwano, aka yayyafa ruwa a ƙasa, aka rataya tamfol ta gefen da iska ke kaɗowa. Ya shimfiɗa kwali mai tsabta, ya zana hoton murfin a jiki, kowace ƙusa aka cire sai a soka ta a inda take a zanen.

Kwancewa ba ta da wani labari mai yawa. Aka cire kan batir, aka juye mai, aka zare bututun iskar tabo da ke tare hanya, aka tallafe injin da jak da guntun katako, aka cire kujerarsa ta dama, aka zare fambel da abin ɗaure shi, da bututun sandar duba mai. Aka fitar da fulogi huɗu don injin ya yi sauƙin juyawa, aka juya shi da hannu har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa, alamar jikin fuli ta yi daidai da ta murfi. Murfin sama ya fita. A tsakiyar kamshaf na shigar iska akwai wani bawul na mai, wanda zarensa na hagu ne, wato ta inda ake ɗaure sauran ƙusoshi ta nan shi ake kwance shi. Na ji Baba ya maimaita wa babban yaronsa wannan kafin ya miƙa masa soket. Bayansa akwai gadar alminiyam da ke riƙe kawunan kamshaf biyun, a cikinta akwai 'yar ragar tace mai. Tawa ta yage gefe ɗaya. Wannan bai shiga lissafinmu ba, amma sai da muka sa aka aiko da wata gadar.

Wurin da ya fi kowane haɗari shi ne ƙusar fuli, kuma ban san haka ba sai ranar. Sifiroket ɗin ƙasa, mai ɗauke da sarƙoƙi ukun nan, ba shi da fil ko maɓalli da ke kulle shi a jikin kiranshaf irin na Fijo. Wasu ƙananan haƙora ne a fuskarsa suke shiga na fuskar kiranshaf, kuma ƙusar fuli ce kaɗai ke matse su. Da zarar ƙusar ta fita, in wani ya taɓa injin ko ya ja sarƙa, sifiroket na iya zamewa ya zauna a karkace ba wanda ya lura. Sai a gama aiki, alamomin sarƙa duk su yi daidai, amma fistin yana wani wuri dabam. Shi ya sa da fuli ya fita, Baba bai ko ajiye shi ba sai da yaro ya zura zoben nan T10368 a gurbinsa ya mayar da tsohuwar ƙusar ya ɗaure. Ya ce wa yaran, "Daga yanzu ba mai jingina da motar nan."

Murfin ƙasa na falle ne, gam ya riƙe shi, ba ya fita sai ya lanƙwashe, dalilin sayen sabo ke nan. Da ya fita muka ga komai a fili. Harshen ajasta ya fito kusan ƙarshensa. Baba ya danna shi da sukundireba, ya koma ciki ba gardama, alhali bai kamata ya motsa ba. Damfar da ke gefen ajasta sarƙa ta haƙa mata layi biyu masu zurfi, robar ta ƙone ta koma ruwan ƙasa mai duhu, kuma ɗan kunnenta na sama ya gutsure. Guntun ba ya nan, ma'ana ya faɗa ƙasa cikin mai. Wannan ya ja mana sauke botom filet. Muka same shi a bakin ragar da famfon mai ke tsotsa, tare da wasu ɓarɓashi. Da an bar shi nan, da sabon ajasta ma bai samu isasshen mai ba, balle tabo da ke rayuwa a kan mai. Da aka rataya tsohuwar sarƙa da sabuwa a ƙusa ɗaya a jikin bango, tsohuwar ta ɗan zarce, kaɗan ne ƙwarai, amma in ka riƙe ta a kwance sai ta sunkuya fiye da sabuwar nesa ba kusa ba.

Ɗaurawa daga ciki ake farowa. Kowace sabuwar sarƙa, ta sandunan girgiza da ta tayimin, tana da gaɓoɓi masu launi dabam, kowace gaɓa kuma tana da alamar da za ta zauna a kai a jikin sifiroket. Ta ciki ta fara hawa, da damfofinta da ajastanta. Sai ta tayimin: gaɓa ɗaya a kan alamar kamshaf na fitar hayaƙi, ɗaya a kan na shigar iska, ɗaya a ƙasa. Kamshaf ba ya son tsayawa inda aka ajiye shi, sifirin ɗin bawul na tura shi, don haka makullan nan ne suka riƙe shi, yaro kuma yana ɗan motsa shi da sifana har haƙora su faɗa gurbinsu. Baba ya duba, ya kira babban yaronsa ya duba, ya kira ni na duba, ya ɗauki hoto. Sai da aka mayar da gada, aka ɗaure bawul ɗin nan mai zaren hagu a kan awo 35 na Nm, ma'aunin ƙarfin ɗaure ƙusa, sannan ya zare fil ɗin sabon ajasta, harshen ya fito ya danne damfa. Ta famfon mai ce ta ƙarshe.

Daga nan ya juya injin da hannu, a hankali, zagaye biyu cikakku, yana sauraron ko zai ji ya tokare. Bai tokare ba, alamomin kamshaf da na kiranshaf suka dawo inda suke. Na lura gaɓoɓi masu launin ba su dawo kan alamominsu ba, gabana ya faɗi, na nuna masa. Ya ce haka yake, launin na ɗaurawar farko ne kawai, sai an yi zagaye masu yawan gaske kafin su sake haɗuwa, abin dubawa yanzu shi ne alamomin ƙarfen.

Sifana mai awo ita ce ta yi sauran aikin, kuma a nan nake da ra'ayi mai ƙarfi. A garejinmu da yawa hannu ne ma'auni, a ɗaure har sai ƙusa ta yi ƙara. Hannun gwani abin girmamawa ne, amma jikin da ƙusoshin nan ke shiga wani sashensa alminiyam ne, wasu ƙusoshin kuma an yi su ne su ɗan miƙe sau ɗaya a rayuwarsu. Ƙusoshin ajasta awo 9 ne kacal a ma'aunin Nm, na damfa 20. Ita kuwa ƙusar fuli 150 ce, sannan a ƙara mata kwatan zagaye, digiri 90, shi ya sa ba a mayar da tsohuwa. Baba, da ya shekara arba'in yana ɗaure ƙusa, bai ɗaure ko ɗaya ba sai ya duba takardar da ɗansa ya buga masa ya saita sifanar. Gam ɗin murfi ma siriri ya zizara, kaurin milimita 2 zuwa 3, bayan an kankare tsohon an goge wurin ya bushe ƙarau. Gam mai yawa ba ya ƙara riƙo, ciki yake ɓullowa ya gutsure ya je ya toshe ragar da muka gama wankewa. Aka manna murfin kafin gam ya fara bushewa, aka bi ƙusoshinsa ɗaya bayan ɗaya bisa tsari, aka bar motar ta kwana babu mai a cikinta.

Man da muka zuba 5W-40 ne mai ɗauke da lambar amincewa VW 502 00 a jikin galan, lita huɗu da rabi da 'yan kai. Na tsaya a kan wannan domin ajasta da na'urar juya kamshaf duk da ƙarfin mai suke aiki, ta ƙananan ramuka. Mai kauri irin 20W-50 da ake zuba wa tsofaffin motocin haya ba ya isa can da wuri da sanyin safiya.

Kafin a tayar, Baba ya bar wayoyin kwayil a cire, ya cire fiyus na famfon fetur, ya sa aka buga kik na 'yan daƙiƙu, aka huta, aka sake, don mai ya cika sabon ajasta tun injin bai kama ba. Sannan aka mayar da komai. Ya ce bismillah, ya ce in murɗa da kaina. Bugu ɗaya ta tashi, shiru, sai ɗan tsit-tsit na injekta da irin wannan injin bai rabuwa da shi. Muka bar ta ta yi zafi har fanka ta kama, ya kwanta ƙarƙashi da fitila yana bin gefen murfi da botom filet da yatsa, babu ɗigo. Rukuni na 093 ya nuna ƙasa da digiri 1.

Gwajin hanya a titin Dadin Kowa muka yi shi, ni da babban yaron, kwamfuta na jone a cinyarsa. Da farko a hankali, sai da muka fita gari na ba ta wuta a giya ta uku da ta huɗu. Ba zan ce ta ƙara doki ko ɗaya ba, sabuwar sarƙa ba ta ƙara wa injin abin da ba a ƙera shi da shi ba. Abin da na ji shi ne silo ya daidaita, kuma tana amsa totur daga ƙasa ba tare da ɗan jinkirin da na riga na saba da shi har na daina lura ba. Da muka dawo aka sake ɗaga ta, wurin a bushe yake.

Baba ya sallame ni da sharuɗɗa. Juyen mai kowane kilomita 5,000, ba tare da jiran abin da allon mota zai ce ba, saboda ƙura da zafi da gajerun tafiye-tafiyen cikin gari. Matatar iska a riƙa duba ta duk lokacin hunturu. In zan ajiye ta a gangare, kuma Gombe ba ta rasa gangare tun daga Tumfure har cikin gari, in ja birkin hannu ya riƙe ta sosai kafin in sa giya, kada nauyin mota ya riƙa murɗa injin baya yana sassauta sarƙa. A kowane juye kuma za mu sake karanta rukuni na 093 mu rubuta lambar a littafi, don mu ga tafiyarta tun da wuri. Ya kuma nuna min wani farin busasshen tabo a ƙarƙashin bututun shigar iska, inda famfon ruwa yake, ya ce ya fara tsatsafo kaɗan. Mun riga mun tura lambar shasi Kano, idan kayan sun iso sai a sauke bututun, a canza famfon, a kankare baƙin da ya taru a bayan bawul ɗin shigar iska a zama ɗaya.